Shaidar Nasara

Illo yana goge ƙotar bindigar da tsumma, karo na ba adadi, sai ga Alhaji Mahamadu ya shigo rumfar ƙirarsa da jandarma biye da shi.

Bindigar tsohuwa ce ta sojan Faransa, gadon mahaifin Alhaji. An daɗe da toshe bakinta, ko tsuntsu ba ta kashewa, amma tana da takarda a buro, ofishin hukuma, kuma sai an duba ta kafin ango ya rataya ta ranar bikin 'yar Alhaji. Illo, maƙerin Agadas, baƙo mai shekara shida a unguwar Sersouf a ƙasar Larabawa, mako uku ya kwashe yana yi mata ado da azurfa da jar fata. Kai, ta yi kyau! Shi kansa in ya kalle ta sai ya yi murmushi.

Jandarman ya juya ta, ya sake juyawa. "Ina matrikil?"

"Wane ne kuma Matrikil?" in ji Illo.

"Lambarta yake nufi," in ji Alhaji. "Rubutun da ke jikin ƙarfen."

"Au, shaidar Nasara? Ai na rufe ta da azurfa!" Illo ya buga ƙirji. "Raƙumi in ya canza ubangida, shaidar sabon ake ɗora masa. Bindigar Alhaji za ta shiga biki da zanen wani?"

Alhaji ya dafe kai. "Illo, ka kashe ni!"

Jandarman ya yi bayani a hankali, Larabci da guntun Hausa. Bindiga marar lamba, a wurin doka, daidai take da ta fasa ƙwauri. Ƙwace ta ake yi. Wanda ya goge lambar kuma kotu, daga nan in baƙo ne sai a kai shi kan iyaka a kore shi.

Illo ya tuna matarsa Rakiyatu, da 'ya'yansu biyu da suka fara lekkol, makarantar boko, bana. Tsoro ya kama shi sosai.

"Gogewa ka yi ko rufewa?" in ji jandarman.

"Rufewa, ranka ya daɗe! Wallahi magagari bai taɓa ta ba."

Ya ɗauko awartaki zai ɓamɓare azurfar gaba ɗaya. Jandarman ya riƙe masa hannu. "Kai, mahaukaci ne? Doka cewa ta yi a ga lamba, ba ta ce a lalata aiki ba. Yi mata taga."

Illo ya zauna ya yanka 'yar taga, ya lanƙwashe gefenta tsaf. Lambobin suka leƙo ɗaya bayan ɗaya. Jandarman yana karantawa, Alhaji yana bi da yatsa a takarda. Da suka kai ta ƙarshe sai Alhaji ya yi kabbara, ya rungume Illo har rawanin Illo ya kwance. Maƙwabtan rumfa da suka taru suka fashe da dariya, wani yana ta kiran "Malam Matrikil!"

Jandarman ya buga hatimi. Sannan ya ciro wani ƙaramin littafi daga aljihu. "Sunanka, da inda rumfarka take."

Dariyar Illo ta tsaya cak. "Ranka ya daɗe, ai na ɗauka an gama."

"An gama." Mutumin ya shafa zanen azurfar da babban yatsa, ya rage murya. "Ƙanwata za ta yi aure bayan salla. Kana yin awarwaro?"