Jan Ƙyallen da ke Kan Kik

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma Kawu Ermete zai iya gani. Mama ce ta ce in rubuta, tunda baki ba ya yi mini aiki.

Babur ɗin Baba ƙirar 1956 ne, ja, mai silinda ɗaya. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye a watan Janairu, magana ta ɗauke masa, babur ɗin yake tsaye a garejinmu na ƙasan gida. Ranar Lahadi Fada, limaminmu, zai sa wa babura albarka a dandalin coci, kuma shekara talatin da ɗaya Baba bai taɓa fashi ba. Shi ya sa Kawu, yayan Mama, tsohon makaniken manyan motoci, ya zo ranar Asabar da hantsi ya ce shi zai tashe shi.

Muka turo Baba a keken guragunsa bakin ƙofa don ya gani. Kawu ya wanke kafireto, ya canza filogi, sai ya ga jan ƙyalle ɗaure a kan kik, ya juya ga Baba.

"Gualtiero, kai ma har yanzu kana tsoron mugun ido? Ƙarfe ma sai an yi masa laya?" Ya kwance shi, ya goge hannu da shi, ya jefar.

Ba laya ba ce. Baba ya sa ɗan famfo a bututun baƙin mai, can ƙarƙashin tanki, don kada man ya tsiyaye cikin inji idan babur ya daɗe a ajiye. In ya rufe famfon sai ya ɗaura ƙyallen. Sau da yawa ya gaya mini cewa in aka tayar a haka, inji zai cinye kansa cikin 'yan mintoci, kuma kayansa babu su a kasuwa.

"Kawu," na ce.

"Me? Ɗaga murya mana, 'yar ɓera! Ko dai kawo mini kofi, ya fi miki sauƙi."

Don kunya na juya, ina cewa a raina in na dawo zan faɗa. Ina kan matakala ta huɗu na ji inji ya kama.

Na dawo da gudu. Baba yana dukan hannun kekensa da hannunsa mai lafiya, bakinsa a karkace, idonsa a kaina.

"Dubi murna!" in ji Kawu, yana ƙara murɗa totur. "Ka ji shi, suruki? Kamar saurayi!"

Na yi magana, ƙarar salansa ta haɗiye ta. Sai kawai na cafki wayar filogi na fizge. Wuta ta ja ni har kafaɗa. Inji ya mutu.

"Nives! Kin haukace ne?"

Na kama yatsan Kawu, na kai shi ƙarƙashin tanki. Ya taɓa famfon, ya ji shi a rufe. Ya daɗe a tsugune.

"Minti nawa ya yi?" ya tambaya a hankali.

Babu wanda ya sani. Mama ta kira mu cin polenta, tuwon masararmu, kowa ya yi ta juya cokali. Baba ya ƙi buɗe baki.

Washegari da sassafe na sauka ni kaɗai. Na zare matatar mai, na tsiyaye abin da ke cikin inji a farin faranti, na fita da shi rana ina karkata shi, ina neman ƙyallin garin ƙarfe, alamar inji ya ci kansa. Sau uku na duba. Babu. Na mayar da komai, na buɗe famfo, na taka kik, sai a karo na biyar ya kama. Na cire murfin tankin baƙin mai na leƙa, ina ƙirge. A goma sha tara man ya fara dawowa, siriri, yana tsartuwa.

Na tsinci ƙyallen a bayan akwatin sifana, na hau sama na ɗaura wa Baba a wuyan hannu. Sannan na ce wa Kawu ya tura kekensa zuwa dandali, ni zan kawo babur.