Hannun Kafinta

Da gudumarsa suka karya masa hannu, da rana tsaka, ƙofar shagon a buɗe. Dogon cikinsu ne ya danne masa wuyan hannu a kan teburin aiki, tsakanin zarto da gwangwanin ƙusoshi. Ɗayan, mai tabo a goshi, ya ɗauki gudumar yana jinjina nauyinta kamar mai shirin tayawa a kasuwa.

"Da wane hannu ka karɓi kuɗin Mai Ruwa?" ya tambaya.

"Don Allah ku yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata," in ji kafinta. "Kujerun nan na wata makaranta ne. Da zarar sun biya ni, ni da ƙafata zan kai."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Bugun farko ya sauka a kan yatsu. Kafinta ya ji ƙarar kafin ya ji zafin, ƙara irin ta busasshen kara in an taka shi. A na biyu ya rataye a jikin teburin. Jini ya gangara ya shige cikin garin katako. A bakin titi mutane suka rage tafiya, suka leƙo, da suka gane yaran waye sai kowa ya tuna da saurin da yake yi.

Mai tabo ya goge ƙotar gudumar da rigar kafintan, ya mayar da ita inda ya ɗauko.

"Wannan gaisuwa ce kawai," ya ce. "In mun dawo, gida za mu zo."

* * *

Ana kiran mutumin Mai Ruwa, alhali bai taɓa tura kurar ruwa ba. Nasa ruwan a kan kuɗi yake zuba shi. Yana da ɗan ofis mai sanyi a bayan wani shagon sayar da wayoyi, kuma duk wanda ya shiga sai an ba shi kujera da lemo.

Kafinta ya shiga wurin ne ranar da haihuwa ta zo wa matarsa da gardama. Likita ya ce sai an yi tiyata, kuma ba za a taɓa ta ba sai an ajiye kuɗi. Ya bi dangi, ya bi waɗanda yake bi bashin aiki, kowa ya ba shi haƙuri da fatan alheri. Mai Ruwa kaɗai ya buɗe aljihun tebur.

"Haba, ai rai ake magana," ya ce yana murmushi. "Je ka ceci iyalinka, sauran magana daga baya."

Matar ta rayu, jaririyar ma ta rayu. Bashin kuma ya yi ta girma, ya fi jaririyar saurin ƙiba. Kafinta ya biya uwar kuɗin, aka ce ruwa ya biya. Ya sayar da injin gogar katako ya kai, aka ce wannan tarar jinkiri ce. Ya daina zuwa sujada ranar Lahadi don kada ya haɗu da masu tambayarsa dalilin ramarsa. Ko yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ba ta san zurfin ramin ba sai da ta gan shi a gadon asibiti da hannu a naɗe.

Ita ta ja shi zuwa ofishin 'yan sanda. Wanda ke kan tebur ya saurare su yana sakace haƙori, da ya ji sunan Mai Ruwa sai ya ajiye biro.

"Ya ba ka kuɗi ko bai ba ka ba?"

"Ya ba ni, amma na biya har na..."

"To maganar bashi ce. Ku je ku sasanta."

* * *

Sun cika alkawari, gida suka zo. Kafinta ya tafi wankin ciwo, ya dawo ya tarar da ƙofar ɗakinsu a jingine da bango, an ɓalle ta daga mariƙinta. Babu katifa, babu tukwane, har gadon jaririyar da ya ƙera da hannunsa sun ɗauke. Matarsa tana zaune a ƙasa rungume da 'yar, leɓenta a fashe, shatin yatsu kwance a kumatunta.

"Na riƙe gadon ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shi ne dogon ya mare ni, ya ture ni. A kan ɗinkin tiyatar na faɗi."

Ya ga jini ya ɓata zanenta daidai mara. Ya durƙusa zai ɗaga ta, ya manta, ya sa hannun dama, azaba ta mayar da shi zaune. Nan suka zauna suna kallon juna, jaririyar tana tsala kuka a tsakaninsu.

"Sun ce wani zuwan ni za su tafi da ni, in yi wa maigidansu aiki har kuɗin su fita," ta ƙara da muryar da ta dushe.

Maƙwabciya ta raka ta asibiti. Shi kuwa ya ce zai je ya nemo kuɗin magani. Ya laluba aljihu, abin da ya samu ya kai gidan mai, aka cika masa galan.

* * *

La'asar ta yi lokacin da ya shiga shagon ya turo ƙofa. Da farko ofishin Mai Ruwa ya yi niyya. Ya hango kansa yana watsa fetur a kan kujerun nan masu laushi, yana kallon murmushin yana narkewa. Amma akwai masu gadi a ƙofar, shi kuma hannu ɗaya gare shi. Sai tunanin ya juyo kansa. In babu shi, wa za a bi?

Ya buɗe galan da haƙori, ya ɗaga shi da hagu ya tuttula a kansa. Sanyin man ya ratsa rigarsa, ya shiga idanunsa, ya jiƙa bandejin. Ya zauna a cikin garin katako ya ciro ashana. A nan aikin ya tsaya. Ya matse kwalin tsakanin gwiwoyinsa ya ƙyasta, tsinken ya karye. Ya sake, kwalin ya suɓuce. Yana lalubensa a ƙasa ne ƙofar ta buɗe.

Yayarsa ce, da kwanon abinci a hannu. Wanki da guga take yi wa mutane, damatsanta kamar na namiji. Warin ya gaya mata komai. Ta saki kwanon, ta taka kwalin ashanar da ƙafa, ta ɗauke shi da marin da ya sa kunnensa ya yi ƙara. Sannan ta zube a cikin man, ta rungume shi da ƙarfi har rigarta ta jiƙe.

"Ga ashanar nan," ta ce, ta tura masa kwalin. "Ƙyasta. In za ka tafi, da ni za ka tafi."

"Yaya, ki sake ni. Ki fita."

"Kashinka na wanke kana tsumma, Auta. Fetur ne zai kore ni?"

"Na gaji," ya ce, sai kukan ya ƙwace masa. "Sun taɓa matata, Yaya. A ɗakina suka doke ta, ni kuma ko ɗaga ta na kasa. Na roƙi Allah har bakina ya bushe. Ko dai ba ya ji, ko ni ne ba ya so."

"Kana tsammani in ka ƙone, bashin zai ƙone tare da kai? Kanta zai koma, ita da 'yar da ko zama ba ta fara ba. Kuɗi ka ci na Mai Ruwa, ba rai ba. Ran nan ba shi ya ba ka ba, ba kuma za ka biya shi da shi ba."

Ya yi ƙoƙarin ƙwacewa, ta ƙara matse shi. Ta kama karyayyen hannun a hankali ta ɗora a tafinta, ta rufe ido.

"Ya Yesu," ta ce, "kai ma aikin katako ka yi. Kai ma ka san yadda guduma take sauka a hannu. Ga ƙanena, ba sai na ba ka labari ba. Ya faɗa ramin da ya fi ƙarfinsa, ya ɓoye mana saboda kunya. Ni ba ni da kuɗin da zan fitar da shi, kai ka sani, ka ga abin da ke cikin asusuna. Amma kada ka bar shi ya mutu a hannun baƙin ciki. Ka riƙe shi yau, yau kaɗai nake roƙo, gobe in sake zuwa. Ka tsare matarsa da 'yarsa. Waɗanda suka yi wannan kuwa, bakina ba zai iya roƙa musu alheri yanzu ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na bar maka su. A cikin sunanka na roƙa."

Ta ci gaba da riƙe hannun. Can, daga cikin kafaɗarta, ya ce, "Amin."

"Bashi hanji ne, Auta, yana cikin kowa," ta ce tana share masa ido da gefen ɗankwalinta. "Abin kunyar shi ne mutum ya mutu da dangi a raye bai buɗe baki ba. Tashi mu je wurin fasto."

"A haka?"

"A haka. Su shaƙi warin da hancinsu."

* * *

Sun shaƙa. Ranar Lahadi fasto ya tsayar da sujada ya faɗi maganar a fili, ba tare da ya kama suna ba, duk da kowa ya san hannun waye a naɗe. Aka zagaya da kwano. Wata tsohuwa ta cire 'yan kunnenta ta jefa. Yaya ta sayar da dutsen gugarta mai lantarki ta koma na gawayi.

Dattawan ikkilisiya suka raka fasto ofishin Mai Ruwa. Ya tarbe su da lemo, ya nuna mamakin abin da yaransa suka yi, ya ce ai yaran yanzu ba sa jin magana. Don girman malamin Allah, in ji shi, ya yafe wani abu daga cikin ruwan. Ya karɓi sauran, ya raka su har bakin titi. Ba wanda aka kama.

Yatsun suka haɗe a karkace. Kafinta ya koma shago yana koyon riƙe guduma da hagu, yana lanƙwasa ƙusa uku kafin ɗaya ta shiga. Kullum da safe yayarsa takan biyo, su yi addu'a a tsaye a bakin teburin, ta wuce wurin wankinta.

Wata rana da hantsi telan da ke ƙarshen layi ya shigo, ya daɗe yana gaisuwa, yana murza hularsa a hannu.

"Maƙwabci," ya ce daga ƙarshe, "wai ta wace ƙofa ake shiga wurin mutumin nan, Mai Ruwa?"

Kafinta ya ajiye guduma. Ya ɗaga hannun dama ya riƙe shi a gaban fuskar telan. Tela ya dube shi tun daga wuyan hannu har zuwa farcen da bai sake fitowa ba.

"Na gani," ya ce. "Amma matata tana kan gado, sun ce sai an ajiye kuɗi kafin azahar."

"Tsaya mu je wurin fasto. Za a yi wani abu."

"Kafin azahar?"

Kafinta ya sauke hannun. Tela ya sa hularsa ya fita. Daga bakin ƙofa kafinta ya bi shi da ido, leɓunansa suna motsi, har ya ga ya tsaya wurin wani mai shago yana tambaya. Mai shagon ya miƙa hannu ya nuna masa hanya.