Kwalin Mai Birki

"Taka!"

Dogo ya taka birki sau uku, ya danne.

"Riƙe!" in ji Mai Birki daga ƙarƙashin mota. Aka ji tsiit, iska ta fita, birkin ya nutse ƙarƙashin ƙafarsa. "Saki. Sake takawa. Haba Dogo, yau ba ka karya ba ne?"

Shekara ashirin da biyu ke nan Dogo yana jin wannan kira. Shi ma fa makanike ne, ga rumfarsa nan jikin ta Mai Birki a gareji, a gida ma bango ɗaya ya raba su. Amma cire iska daga birki aikin mutum biyu ne: ɗaya a ƙasa yana kwance ɗan noti, ɗaya a kujera yana takawa. Dogo ne na kujera. Kullum.

Abin da ya ɗaga sunan Mai Birki shi ne kalifa, wannan ƙarfen da ke damƙe faifan taya in an taka birki. Sai ya ciro na babbar mota ya ɗaura wa ƙarama. Ya ɗora kwali a bayan faifan, ya shata ramuka da fensir, ya yanka, sannan ya fitar da maɗauri daga ƙarfe mai kauri daidai da kwalin. Motar da da sai an roƙe ta take tsayawa, sai ta koma tsayawa cak. Kwalayen suna rataye a ƙusa ɗaya cikin rumfarsa, sun yi baƙi da maiko. Masu mota kuwa ba sa gajiya da faɗi: "Kai, hannun mutumin nan daban ne!" Su wuce Dogo ko kallo, kamar tare da kujerar aka ƙera shi. Abin yana ci masa rai, ba zai ɓoye wa kansa ba.

Sau ɗaya Dogo ya gwada aikin kalifa da kansa, shekarun baya. Ya ɗaura kalifar dama a hagu, ta hagu a dama, notin cire iska ya koma ƙasa. Kwana biyu ana takawa, birki laushi kamar soso. Mai Birki ya leƙo, ya duba, ya ce a hankali, "Iska sama take hawa, maƙwabci." Ya juya su, ya koma rumfarsa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Wallahi da ya yi masa dariya a gaban jama'a da ya fi sauƙi. Wannan shirun ne Dogo ya kasa yafewa.

Ran nan da Mai Birki ya fito daga ƙarƙashin motar, sai da ya dafa taya kafin ya miƙe. Tari ya sarƙe shi. Bai huta ba ya wuce wurin motar wata ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke kira Nas. Kullum tana gangara wani tudu mai kwana-kwana zuwa ƙaramin asibitin da take aiki, sau biyu birki yana neman kai ta rami. Ya tsuguna, ya yanka kwalinta, ya rufe rumfa da rana tsaka. Bai sake buɗewa ba.

Da Dogo ya shiga dubiya, takalma sun cika ƙofar ɗakin. Direbobi, masu sayar da kayan gyara, har wani da ya zo daga nesa. Dogo ya tsinci kansa yana ƙirga takalman. Ya tuna lokacin da ya karye a hannu, mutum huɗu suka zo, biyu surukansa ne. Ya yi istigfari, amma ya ƙarasa ƙirgar.

Da aka watse, Mai Birki ya yafito shi. Ya rame, maiko dai bai bar ƙarƙashin faratansa ba. Ya laluba gefen matashi ya ciro kwalin.

"Motar Nas. Ka ƙarasa mata."

"Ni? Ɗan taka-taka?"

"Bar shirme. Kayan suna ƙarƙashin benci. Ka kula da…"

"Na sani. Iska sama take hawa."

Mai Birki ya yi dariya har tari ya taso. Matarsa ta kawo ruwa, ta tallafe kansa.

"In na gama zan gaya wa kowa ni na yi," in ji Dogo. Da wasa ya faɗa, amma har zuciya.

"Gaya wa duniya, maƙwabci."

Kwana uku bayan nan, da hantsi, Dogo yana wanke hannu a tsakar gida ya ji kuka ta bayan bango. Ya tsaya da sabulu a hannu har ya bushe. Shi ya kama gaba wajen ɗaukar gawar Mai Birki, ya yi mamakin rashin nauyinsa.

Bayan mako ya buɗe rumfar Mai Birki. Ya fitar da maɗaurin daidai da kwalin, ya ɗaura kalifa, ya mayar da taya, ya juya ta da hannu. Ƙirrr. Ƙarfe yana gugar ƙarfe. Ya kwance, ya auna, ya sake aunawa. Rami ɗaya ya kauce da kusan kaurin fensir. Hannun Mai Birki ya yi rawa a ranarsa ta ƙarshe a bakin aiki.

Allah ya gafarta wa Dogo, daɗi ya ji. Daɗi sosai! Ya ninke kwalin ya sa a aljihun gaba. Wannan kowa sai ya gani.

Ya samo sabon kwali ya fara daga farko. Kwana biyar yana yi. Ya ɓata ƙarfe biyu, ya ƙone yatsa, ya goge na uku har ya zauna ɗas. Noti a sama, dama da hagu. Taya ta juya shiru. Ya zuba man birki, ya kwanta a ƙasa da sifana a hannu, ya ɗaga murya.

"Taka!"

Ba kowa a kujerar. Ya daɗe a kwance yana kallon cikin motar.

Nas ce ta taka masa da ta zo karɓa, yana gaya mata yadda za ta yi. Sai da birkin ya yi tauri kamar dutse ya fito. Ta ja motar ta fita gwaji. Kafin ta dawo mutanen gareji sun taru, har da matar marigayin, wadda ta zo kwashe kayan mijinta, tana tsaye da kofinsa na shayi a hannu.

Motar ta shigo da gudu, ta tsaya cak a gaban rumfar. Nas ta fito tana dafe da ƙirji.

"Ikon Allah! Ɗan taɓawa kawai na yi. Wannan hannun Mai Birki ne, ko idona a rufe zan gane. Malam Dogo, kwalinsa ka bi, ko?"

Hannun Dogo ya riga ya kai aljihu. Ya ji kwalin a yatsunsa. Shekara ashirin da biyu yana jiran wannan tambaya a gaban waɗannan mutane.

"Da ƙyar ya yanka shi," in ji matar. "Yana kwance yana ta tambayata, 'Anya ban kauce ba? Yarinyar nan tudu take bi.' Na ce masa kai da ba ka taɓa kaucewa ba. Har ya cika abin yana ransa." Ta juyo wajen Dogo. "Malam Dogo, daidai ne ko?"

Dogo ya kalle ta. Ya kalli kalifar da ke leƙowa ta tsakanin ramukan taya, da notinta a sama.

"Daidai ne," ya ce. "Ko gogewa ban yi ba."

Aka yi ta Allah ya jiƙansa. Wani direba ya ce an yi rashin da ba za a mayar ba, wa ya rage kuma? Dogo yana tsaye a gabansa.

Da kowa ya tafi, ya shiga rumfar. Ya ɗauki nasa kwalin, sabo fes, ya shafa masa maiko da babban yatsa har ya yi duhu, ya rataye shi a ƙusar tare da sauran.

"To, ka ci," ya ce. "Kana can ma ka fi ni."

Ya ja ƙofar ya sa kwaɗo. Ya bi hanyar gida a hankali, ninkakken kwalin yana ɗan sukar ƙirjinsa ta cikin aljihu.