Ni Ce Fatalwar Bututun Ruwa

Kai ne, Sarkin Makulli. Kai ka kashe wutar gidan nan ranar Talata, kada ka dube ni ka ce ba kai ba ne, don makullin akwatin wuta ɗaya ne kuma a ƙugunka yake kwana. Shekara tara kana kula da benen nan, ka san abin da ke hawa na uku. Da hannunka ka taya mu ɗaga injin iskar tsohona ranar da aka sallamo shi daga asibiti, har kana nishi kana cewa ya fi buhun siminti nauyi. Ka san in injin nan ya tsaya, numfashin mijina ne ya tsaya.

Amma ƙanin matarka ya zo, mai gyaran wayar nan, shi da wani abokinsa dogo, da jaka cike da tarkace. Wai su masu farautar fatalwa ne. Sun ji labarin ɗakin da ke ƙasan namu, inda tela ta rasu bara, ba wanda ya sake kama shi. Da hantsi na gamu da su a matakala. Mai gyaran waya ya nuna min wani abu kamar sabulu mai ƙananan fitilu.

"Inna, kin ga wannan? In fatalwa ta matso, ja yake kawowa."

Na ce, "Telar nan ko da ranta ba ta son hayaniya. Ku bar baiwar Allah ta huta, ku nemi aikin yi."

Suka yi dariya. Ba wanda ya ce min abin nasu ba ya aiki sai an kashe wutar gida kaf, wai wayoyin bango na ruɗa shi. Ba wanda ya ce min za a garƙame ƙofar matakala don kada takun mutum ya shiga abin da suke ɗauka, ko za ku kashe wayoyinku dukanku. Kun zaɓi tsakar rana wai kowa ya tafi aiki. Ni da tsohona ke nan ba kowa ba ne.

Ina yanka albasa injin ya yi ƙara ya mutu. Na leƙa taga, sai ga fankar shagon aski na tsallake tana juyawa abinta. Ashe gidanmu kaɗai ne ba wuta. Tukunyar iskar da muke ajiyewa saboda irin haka, 'yata ta tafi da ita a ciko tun safe. Na kira ta, ta ce tana can ƙarshen gari, ko fiffike gare ta sai ta yi awa guda. Na kira ka, a kashe. Na sauka da ruɓaɓɓun gwiwoyin nan nawa, na tarar da ƙofar ƙarfe da kwado. Na yi ihu har muryata ta dishe.

Da na komo, tsohona ya damƙe gefen gado, baki a buɗe, leɓɓansa sun koma launin toka. Da ƙyar ya ce, "Ke, buɗe taga."

A buɗe take. Ban gaya masa ba.

Sai na tuna bututun ruwan banɗakinmu ta ɗakin tela ya ratsa. Na ɗauki ludayin ƙarfe na shiga bugu. Ta cikin bututun muryar mai gyaran waya ta hauro, ƙasa-ƙasa.

"Tsit! Kun ji? Baiwar Allah, in ke ce, buga sau biyu."

Na buga ya fi sau ashirin.

"Kai, ta fusata! Ɗauka, dogo, ɗauka, kada ya wuce mu!"

Na durƙusa na kafa bakina a jikin bututun. "Ni ce ta sama! Ku kunna wa injin wuta, mutum zai mutu!"

Abin da ya isa kunnenku ban sani ba. Abin da ya iso nawa shi ne muryarka, Sarkin Makulli: "Wallahi muryar tela ce sak."

Shekara tara ina yi maka masifa kan shara da famfo, rana ɗaya da nake buƙatar ka gane muryata, sai ka ba matacciya.

Na koma ɗaki, hannun tsohona ya saki gado. Ban san lokacin da na ciccibi babbar tukunyata da ruwanta ba. Motar ƙanin matarka na ƙasan tagar, na sake ta a kan gilashin. Abin da ihun tsohuwa bai yi ba, ƙarar mota ta yi. Cikin ƙiftawar ido kun fito ku uku, mai gyaran waya ya ɗaga kai yana cewa, "Inna, hauka kike?" Kai kuwa ka kalli tagar, ka kalli makullin ƙugunka, ka ruga ciki. Ashe ka sani.

Yau kwana shida yana asibiti. Yana numfashi, amma in na ce masa ni ce, kallona yake kamar mai tallar da ta yi ɓatan kai. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba iska. Jiya kuma 'yata ta nuna min a waya: sun sa abin da suka ɗauka a intanet, jama'a na ta kallo, wai fatalwa ta amsa. Buguna ne. Kukana ne ake maimaitawa ana mamaki.

Tun ranar kake zagayawa ta ƙofar baya, ka aiko matarka da haƙuri. Haƙurin aike ba na karɓa. Gobe da hantsi mai benen zai zo, na kuma gaya wa duk 'yan haya. Ka zo da ƙanin matarka da dogonsa da sabulun nasu mai fitila. A kunna abin gaban kowa, ni zan tsaya kusa da kai, ka faɗa musu muryar wa ce, ka kuma faɗi wanda ya ba ka izinin kashe wa mijina numfashi.