Rakiyar Saratu

Rakiyar Saratu ba ta da ƙarshe. In ƙawarta Mercy ta zo karatu ɗakinta a Unguwar Mu'azu, sai ta raka ta bakin titi, ta tsaya har mota ta zo, wani lokaci ma ta faɗa ciki, sai Gonin Gora, unguwar su Mercy. 'Yan ajinsu a kwaleji suna ce mata jelar Mercy. Takan yi dariya, amma abin yana cin ta. Tana ƙarama uwarta ta kai ta wurin kaka a Kakau, ta ce bari ta sayo mata ƙosai, ba ta dawo ba sai bayan shekaru. Tun daga nan, in wanda take so ya juya zai tafi, sai gabanta ya faɗi.

Ran nan Mercy ta gaji.

"Saratu, ina son ki, Allah ya sani, amma kin shaƙe ni. Abeg, don Allah ki je ki ga Madam Larai, mai ba ɗalibai shawara."

"Ni mahaukaciya ce? Kuma wace ce ni da zan ɓata wa babbar mace lokaci?"

"To ni ce mahaukaciyar. Tun rasuwar babana nake zuwa wurinta."

Ba Madam Larai Saratu take tsoro ba, tsoronta kada Mercy ma ta tafi.

Washegari bayan lacca suka je tare. Mercy ta zauna a benci a waje, ta ciro gyaɗa tana ɓarewa abinta. Saratu ta shiga tana jan ƙafa, ta bar ƙofa a buɗe, ta ɗosana a bakin kujera inda za ta riƙa hango takalmin Mercy.

Madam Larai, wata gajeriyar mata mai furfura, ta lura, amma ba ta ce a rufe ba. Sai ta tambaye ta gida, da karatu, da wanda ya rene ta.

"Kakata, Ma," in ji Saratu. Ta sake leƙawa. Takalmin na nan.

"Ƙawarki ce?"

"Eh, Ma. Ta ce za ta jira ni."

"Kin yarda?"

Tausayin kanta ya kama Saratu, har hawaye suka zubo. Can ta tashi, ta je da kanta ta rufe ƙofar, ta dawo ta gyara zama.

"Ma," ta ce, "daga ina zan fara?"