Cokulan Gimbiya

A layin nan kowa Likita yake ce masa, alhali bai taɓa zama a ajin likitanci ba, shi ma bai taɓa cewa ya zauna ba. Kemis ne da shi a jikin gidansa, ɗan shago mai kantar katako wadda gwiwar hannun mutane ta goge har tana sheƙi. Amma a wurin Maman Gimbiya shi Baba ne, uban mijinta, kuma a nan gizo ke saƙar.

Mutumin kirki ne, wannan ba a ja. Tsabta kuwa har ta yi masa yawa. In za a haɗa wa yaro maganin nan da ke zuwa gari a kwalba, mai kashe ƙwayoyin cuta, ba ya yarda uwa ta je gida ta zuba ruwan da ta ga dama. Yana da flas na tafasasshen ruwa da ya huce. Shi zai zuba, ya ɗaga kwalbar saitin haske ya ga ruwan ya tsaya cif a kan layi, ya girgiza, sannan ya ba yaron cokalin farko da hannunsa. Iyaye na son wannan. Ba layi, ba kati, ba mai yi maka tambayar ƙure.

To balle jikarsa ta fari. Gimbiya, shi ya laƙaba mata sunan, kuma ya bi ta da sarautar. Ta yi atishawa, kwalba. Haƙori zai fito, kwalba. Jikinta ya yi ɗumi don ta wuni tana tsalle a rana, kwalba. Kwana biyu ta ware, a manta da sauran maganin a saman firji, wata mai zuwa a buɗe sabuwa. Ita kuwa yarinyar abin da ya dame ta shi ne ɗan cokalin roba da ke zuwa a cikin kwalin. Da ta haɗiye sai ta miƙa hannu, a wanke a ba ta.

Sai kunnenta na dama ya fara ruwa. Kwalbar farko ta ƙare bai tsaya ba, ta biyu ma ko gezau. Maman Gimbiya tana kan keken ɗinkinta amma hankalinta na kan matashin kan Gimbiya wanda take wankewa kullum da safe. Ran nan ta ce za ta kasuwa sayen zare, ta riƙo hannun 'yarta, suka zarce asibiti.

Likitar, wata mace mai maganar tsiya-tsiya amma hannunta da taushi, ta leƙa kunnen ta tambayi me yarinyar ta sha. Da ta ji amsa sai ta cire tabarau.

"Baiwar Allah, ƙwayoyin cutar sun saba da maganin nan, sun daina jin tsoronsa. Ki dawo jibi a ɗebi ruwan kunnen a gwada, mu ga wanda zai kama su. Kafin nan ko ɗigo kada ta sha, in ba haka ba gwajin ya lalace. Kin ji ni?"

Ta ji. Abin da ba ta sani ba shi ne da wane baki za ta faɗa wa Baba. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ce masa a'a ba, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba. Ta kira mijinta, direban babbar mota, yana can wata uwa duniya.

"In ya ba da magani ki karɓa kawai ki ɓoye mana," in ji shi, ƙarar injin na cinye rabin maganar.

"Ka manta shi yake ba ta cokalin farko?"

Sai ya ce layin ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau, tsoron ubansa ne kawai.

Da la'asar ɗin ranar Baba ya aiko a kira su. Ta shiga ta ƙofar da ta haɗa tsakar gida da shagon, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ja Gimbiya jikinsa, ya duba audugar da ke kunnenta, ya girgiza kai.

"Uwar gidana, wa ya taɓa min ke? Bari ki gani." Ya miƙa hannu can saman kantar magunguna ya sauko da wani kwali. "Wannan ya fi waɗancan ƙarfi. Musamman na sa aka kawo mata."

Ya ɓalle kwalin, ya jawo flas. Yarinyar ta zame ta ruga cikin gida. Maman Gimbiya tana kallon hannunsa yana murɗa murfin. Ta san da zarar ruwan ya sauka a kan garin, magana ta ƙare.

"Baba."

"Na'am, 'yata."

"Don Allah ku dakata." Muryarta ta fito siririya kamar zaren da ta ce za ta saya. Ta sunkuyar da kai ta faɗi komai, kasuwar da ba ta je ba, da likitar, da gwajin jibi.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya dai tsaya da flas a hannu, tsufansa ya fito fili.

"Asibiti kika kai ta. Ina zaune a nan."

"Ku yi haƙuri, Baba."

"Ubanta da wannan na rene shi. Yaran layin nan kaf, waye bai sha daga hannuna ba? Yau ni ne zan cuci jinina?"

Kunya ta rufe ta, tausayinsa ya kama ta, amma ba ta janye maganar ba. Shi kuma bai rufe flas ɗin ba.

Sai ga Gimbiya ta dawo, 'yar tsana a hammata, gwangwanin madara a hannu. Ta hau benci ta kife gwangwanin a kan kantar shagon. Cokula suka watse, farare, shuɗaye, masu baki biyu, da 'yan kofunan awo, har wasu suka gangara ƙasa.

"Ni ma na buɗe kemis," ta ce. Ta kwantar da 'yar tsanar, ta zaɓi cokali. "Buɗe baki. Haa."

"Me ke damun 'yar taki?" Baba ya tambaya, don dai ya samu inda zai kai idonsa.

"Ba komai. Sha kawai za ta yi."

Maman Gimbiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baba kuwa ya ajiye flas. Ya sa yatsa yana juya cokulan ɗaya bayan ɗaya. Ya san su duka, ya san kwalin da kowanne ya fito. Yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba, ga tulin da ya cika tafin hannunsa biyu ya yi saura.

"Duk a ina kika samo waɗannan?"

"Kai ka ba ni mana, Kaka!"

Sai Baba ya murɗa murfin flas ɗin, ya mayar da kwalbar cikin kwalinta da garinta a bushe, ya ɗora ta can inda ya ɗauko.

Gimbiya ta bi kwalin da kallo. "Ina cokalina?"

"Yau babu."

"Kaka!"

"Babu, uwar gidana."

Ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Ta turo baki, ta ce ta ɓata da shi har abada, ta suri 'yar tsanarta ta fice tana kuka. Ya bi ta da ido, kuma a fuskarsa ana ganin kukan nan ya fi maganar asibitin yi masa ciwo. Bai kira ta ba.

Ya sunkuya da ƙyar yana tsintar cokulan da suka faɗi. Maman Gimbiya ta yi sauri za ta taya shi, ya ɗaga mata hannu.

"Jibi da wane lokaci?"

"Da safe, Baba."

"Zan rufe shago, tare za mu je. Ina da tambayoyin da zan yi wa likitar nan." Ya zuba cokulan a gwangwani ya danna murfin. "Ke kuma, 'yata, in kin sake ganin na kauce, ba sai kin bi ta kasuwa ba. Ƙofar nan ta fi kusa."

Ta ce to, idonta ya cika. Ta miƙa hannu za ta karɓi gwangwanin ta kai wa yarinyar.

"Bar min shi tukuna," ya ce, ya ajiye shi a kan kantar, kusa da flas.