Albasar Kawu Hayatu

Sau uku cikin kwana goma na hau babur daga Talata Mafara zuwa Tsibiri saboda albasar Kawu Hayatu. Wanda ya san hanyar nan ya san me nake faɗi. Ƙuguna har yau bai yafe mini ba.

Ni na jawo wa kaina. Kawu yayan mahaifiyata ne, ciwon gwiwa ya raba shi da gonarsa ta fadama, 'ya'yansa maza kuma duk suna Gusau. Ni kuwa gyaran rediyo da inbata nake yi a bakin kasuwa, sai ƙaiƙayin gwaninta ya kama ni. Na haɗa masa akwati biyu masu magana da juna ta iska, tunda sabis ɗin waya a can sai ya ga dama. Ɗaya a gona jikin famfon sola, ɗaya a zaurensa da maɓallan rubutu irin na tsohuwar waya. Ya rubuta KUNNA 3, famfo ya yi awa uku yana ba albasa ruwa. Ina wahala a nan?

Kwana huɗu da dasa albasar, Altine mai gonar kusa da tasa ya kira ni, wai fangalin albasar Kawu, kwamin shuka ashirin, ko ɗigon ruwa ba su gani ba. Na zo, na fizgi akwatin zaure, na rubuta KUNNA 3. Famfo ya tashi tas. A zuwa na biyu ma haka. Ranar ce ma bakina ya suɓuce na ce, "Kawu, anya kana danna wurin aikawa kuwa?"

Ya dube ni ya ce, "Mas'udu, tun ba a haifi uwarka ba nike rubutu."

Na ji kunya, amma haushi ya fi kunyar yawa. Na koma gida ina masifa ni kaɗai a kan babur.

A zuwa na uku na ɗauko kwamfuta, na goya Kawu da akwatinsa har gona. Rana ta take, albasa ta kwanta kamar gashin jariri, wani wurin ma ta koma kalar ƙasa. Na buɗe akwatin gona na jona shi da kwamfutar don in ga abin da yake ji da idona.

Abin da ke ciki ba wani abin tsoro ba ne. Akwai ƙwayar modem, ita ke da kunne. Akwai kwantarola, ita ke da umarni. Modem ba ta motsi sai an sa ta aiki. Kwantarola ta ce mata ta saurara har ta ji alamar saƙo. In ta ji, a ce mata ta karɓi gutsure ɗaya, haruffa goma sha biyu. Ta karɓa, ta duba ko iska ta ɓata wani abu, ta zuba a ɗan ma'ajinta, ta ɗaga tuta, alamar ta gama. Kwantarola ta kwashe, ta duba ko akwai KUNNA. In ana son gutsure na biyu, sai an sake sa ta. Ni kuwa sarkin ƙiwa, gutsure ɗaya kawai na rubuta a karɓa. Me za a yi da na biyu, ai KUNNA 3 ko goma ba ta kai ba.

Na ce, "Kawu, rubuta yadda ka saba. Ba zan taɓa ba."

Ya zauna bakin fangali ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya yi bisimilla. Yana dannawa da yatsa ɗaya, ina tsaye zufa na bin bayana. Kai, ya daɗe! Da ya aika, sai ga abin da modem ta miƙa wa kwantarola a kan allona: Assalamu ala.

Shi ke nan. Famfo ko gezau.

Na leƙa akwatin hannunsa. Ya rubuta: Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya. Don Allah in ba damuwa KUNNA 3. Na gode.

Wallahi sai na zauna daɓas a ƙasa.

"Kawu, wa kake gaisarwa?"

"Wanda za ya yi min aiki mana."

"Akwati ne fa. Ƙarfe da roba."

"To mi? Ko jaki za ka ɗora ma kaya ai kana shafa wuyanshi. Haka kawai in hwaɗa ma abu da umarni awa wani soja?"

Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Sau biyu ina zuwa, ko sau ɗaya ban tsaya na ga yadda yake rubutawa ba. Na gaya masa gaskiya, akwatin yana jin farkon sallamarsa ne ya toshe kunne.

A nan cikin rana na gyara. Na sa kwantarola ta riƙa sa modem karɓar gutsure bayan gutsure, tana kwashewa kafin wani ya iso, har saƙo ya ƙare. Minti ashirin ya ɗauke ni. Minti ashirin kacal, jama'a. Kawu ya sake aika gaisuwarsa, famfo ya yi tari, ruwa ya kama hanya.

Muka bi shi da ido. Fangali shida ne ke da sauran rai. Sauran sha huɗun ruwan ya shiga ne kawai yana yawo da busasshen ganye. Kawu ya tumɓuke ɗaya, ya murza, ya zama gari a hannunsa. Lokacin dashe kuma ya wuce, mu duka mun sani.

Na ce, "Laifina ne, Kawu. Yanzu ka gaishe shi iya son ranka, zai jira."

Da shidan suka ƙoshi, ya jawo akwatin kan cinyarsa. Ina kallon allona saƙon ya shigo: KASHE. Ita kaɗai, ba sallama.

"Kai ni gida," in ji shi. "Na gaji."